Kwalba Ɗaya, Jarirai Biyu

"Goggo, a ce masa ya koma inda ya fito. Ba ni da abin cewa da mutumin da ya yi kyauta da ran 'yata."

Goggo Yelwa, ƙanwar mahaifina da ta rene ni tun rasuwar innata, ta saki ludayi a cikin kunun kanwa ta zuba mini ido. Korar mijina ba ta dame ta ba, wannan kam daɗi ma ta yi mata. Abin da na kira jaririyar ne ya tsaya mata a wuya.

"'Yarki? A gabana, Jamilatu? Haihuwar fari kike buɗe baki ki ce 'yarki? Lalle zaman Karaye ya wanke miki ido."

Na sunkuyar da kai.

A gidanmu na Ruwan Bago, can ƙasar Rogo, mace ba ta nuna ta san abin da ta fara haifa. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ko nono sai an yi ta fama da ita sannan ta ba shi tana kallon bango. Haka aka yi da innata, haka aka yi da Goggo, kuma ni ma ban taɓa ganin aibin abin ba sai da ya zo kaina. Domin tawa ba irin sauran jarirai ba ce. Bakwaini ce, wata bakwai na haife ta. Ga ta can gefen gado a cikin babbar ƙwarya, an shimfiɗa mata auduga, an ajiye kaskon garwashi kusa da ita. In ta yi kuka sai ka rantse 'yar kyanwa ce a bayan ɗaki.

Shi kuwa wanda nake kora yana can waje gindin marke, inda yake wuni tun da aka dawo da mu daga asibiti.

Lukumanu ke nan... mijina, wanda na bijire wa rabin dangina saboda shi.

Shekarar da dam ɗin Karaye ya cika da ruwa muka haɗu. Baffa, wato mahaifina, ya sayi injin ban-ruwa don lambunsa na tumatir, injin ya ƙi tashi, aka ɗauko masa wani makaniki daga Karaye. Ni aka aika in kai masa fura. Na tarar da dogon mutum baƙi, hannu duk baƙin mai, yana yi wa inji magana kamar yana lallashin jaki. Na yi dariya, ya ɗago, shi ke nan. Injin nan ya gyaru tun ranar, amma duk mako sai ga Lukumanu a kan babur, wai akwai wani ƙarfe a ciki da bai yarda da shi ba. Har Baffa ya gaji ya ce shi dai bai taɓa ganin inji mai lafiya da likitansa ke zarya haka ba.

Da magana ta fito fili gidanmu ya ɗauki zafi. Goggo ta ce ba namu ba ne, ba shi da ko ɗan maraƙi, kuma warin mai yake. Ga Lado, ɗan wan Baffa, wanda kowa ya ɗauka shi zan aura, har shi ma ya ɗauka, alhali ban taɓa yi masa ko murmushin kirki ba. Baffa ya kira ni ya tambaye ni, na rufe fuska da mayafi na yi shiru, ya sake tambaya ko mai injin ne, na ƙara yin shiru. Ya ce ya ji amsa. Aka ɗaura, aka kai ni Karaye.

Wallahi na ji daɗin aure. Yana kirana 'yar Fillo, ina kiransa Mai-inji tunda bakina ba ya iya faɗin sunansa. Da ciki ya samu, shi da kansa yake ɗora ni a babur ya kai ni awo, 'yan majalisar bakin kasuwa suna yi masa tsiya yana ɗaga musu hannu. Da cikin ya shiga na bakwai aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ban ko gama warware kayana ba naƙuda ta taso, jini ya ɓalle. A bayan a-kori-kura aka kwashe ni zuwa wani asibiti a hanyar Kano, Lado ne ma ya samo motar. Can na haihu, aka yi mini ƙarin jini, ita kuma aka sa ta a kwalba, wannan akwatin gilashi mai ɗumi da ake sa bakwaini a ciki. Guda ɗaya ce ke aiki a duk asibitin.

Ta gilashi na fara ganinta, lokacin da Goggo ta fita alwala. Na daɗe ina kallon yatsunta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wata nas mai suna Hajo ta shigo da ita a hannu, ta ce an sallame mu, maigidana ya amince. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda zan kwantar da ita a tsakiyar ƙirjina, fata da fata, in ɗaure da zani, in rufa riga a kai. Ta ce kada in sauke ta ko da rana ko da dare, ɗumin jikina shi ne maganinta, in ta yi sanyi to an shiga haɗari. Ni duk a zatona sauƙi ta samu shi ya sa aka fito da ita. Muna shiga mota Goggo ta zare ta daga jikina, ta ce wannan rashin ta-ido a bar shi a asibiti, bakwaini nawa aka raya a ƙwarya kafin a haifi nas ɗin.

Washegari Lado ya zo barka. Ya tsaya bayan zana yana gaisa da Goggo, amma da muryar da ya tabbata zan ji daga ɗaki. Ya ce shi fa abin da ya gani ya hana shi sukuni. Yana tsaye a barandar asibiti likita ya kira Lukumanu, ya ce an kawo wani jariri, ko zai yarda a fitar da tasa a sa wancan. Ko gardama bai yi ba, in ji Lado, ya miƙa kwalbar kamar mai ba da goro.

"To me za a yi, Goggo? Wancan namiji ne, wannan kuwa mace. Mutanen gari ai lissafinsu daban."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tsani Lado tun da can, amma na san bai isa ya ƙirƙiro zancen kwalba ba, tunda ga 'yar a gabana cikin ƙwarya. Tun daga ranar na ce ba na son ganin Lukumanu, aikensa ma kada a kawo mini.

Sai dai fushi bai hana ni ganin abin da ke faruwa ba. Kullum yarinyar ƙara lafewa take. Da farko tana kama nono ta ɗan ja, daga baya sai ta kama ta saki, daga baya ko bakin ba ta buɗewa sai an matsa mata a cokali. Garwashi ya yi zafi ta yi ja, ya mutu ta yi fari. Matan da ke zuwa barka su leƙa ƙwarya su ce Allah ya raya, su haɗa ido da juna, ni kuwa ina zaune na juya baya kamar ba ni na haifa ba. Ana yaba mini, wai Jamilatu akwai kara. Karar da nake ji tana cin hanjina!

Da safen da na fara ba ku labarinsa, bayan Goggo ta gama faɗanta ta fita hura wutar ruwan wanka, sai na lura ɗakin ya yi tsit. Ko ɗan kukan kyanwar babu. Na rarrafa na sa hannu cikin audugar na taɓa tafin ƙafarta.

Sanyi kamar gindin randa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na cire rigata, na ɗauko ta na manna a ƙirjina yadda Hajo ta nuna mini, na ja zani na ɗaure. Ina jin numfashinta sama-sama a fatata, ina cewa ya Allah, ya Allah, ba abin da na iya ƙarawa.

A haka Goggo ta same ni. Ta yi salati, ta tafa hannu, ta ce in sauke ta tun kafin wata ta shigo ta gani a ɗauke mu a baki har Falgore. Na ce ba zan sauke ba. Tunda ta rene ni ban taɓa mayar mata da magana ba, ita kanta sai da ta ja da baya. Ta ce to ruwan wanka ya tafasa, ko shi ma zan ƙi? Na ce in wankan jego sai na ajiye ta a ƙwarya ne, to na yafe shi. Nan fa hankalinta ya tashi da gaske, don a wurin Goggo mai jegon da ta bar wanka ta gama yawo, sanyi zai shige ta ya kumbura ta. Ita tana tsoron kada in mutu, ni ina tsoron kada 'yar ta mutu, muka tsaya muna kallon juna kowa na hawaye.

Na ce to ita ta karɓe ta a nata ƙirjin har in fito. Ta ce wa zai yi mini wankan, kuma ita da girmanta ba za ta tuɓe ta rungumi jinjiri kamar mahaukaciya ba. Ta fita tsakar gida tana kai ƙarata wurin Baffa da ƙarfi, har maganar ta haura katanga.

Sai na ji sallama.

Muryarsa ce. A cikin gidan surukansa, da rana tsaka, kafin suna! Ko a garinsu ba a yin haka, balle a namu. Na leƙa ta jikin asabari na gan shi ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa gaban Baffa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Lado na zaune a gefen tabarma.

"Baffa, na san na keta iyaka, a gafarce ni. Na ji abin da ake ciki. Likita ya ce ba dole sai ƙirjin uwa ba, na uba ma yana yi. A ba ni ita in riƙe har a gama wanka."

Lado ya tuntsire da dariya, ya ce yau ga namiji da goyo, saura a ba shi zani da ɗankwali. Baffa ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce shanu na jiransa a bakin rafi, kuma Lado ya taso ya raka shi. Lado ya fara cewa ai an riga an kora su, Baffa ya ce shi dai ya ce ya taso. Haka suka fita. Wanda ya san Baffa ya san izini ke nan, ba zai ce eh ba, amma ya kawar da idonsa.

Lukumanu ya shigo ɗakin. Ban dube shi ba. Ya cire riga ya zauna a bakin gado, na kwance zanin na miƙa masa ita. Goggo ce da kanta ta fizgi zanin ta ɗaure masa, tana mita tana cewa duniya ta zo ƙarshe, ya ɗaga haɓarsa kada ya danne mata hanci. Da ta gama sai ta ɗauko tabarma ta rataye a ƙofa, ta ja kujera ta dasa a waje. Daga ranar duk matar da ta zo barka sai Goggo ta tare ta a nan, ta ce mai jego ba ta jin daɗi, an hana shiga. Ba ta taɓa cewa mun yi daidai ba, har yau. Ta dai tsare ƙofa.

Haka muka shiga yi. Safe da yamma ya zo ya karɓe ta in je wanka, in na dawo in karɓa, wani lokaci ya ce in ɗan miƙe bayana ya ci gaba da riƙo. Aikinsa ya tsaya cak, masu inji suna ta aike har Ruwan Bago. Ina jinsa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin yadda yake yi wa inji, wai ta daure ta tashi, shi bai saba gyara ya ƙi ba. Dariya ta taso mini in haɗiye ta. Ban yafe ba, kuma ban daina sonsa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

A hankali ƙafarta ta yi ɗumi. Ta koma karɓar cokali, rannan kuma ta kama nono ta ja har sai da na ji zafi. Aka raɗa mata suna Ruƙayyatu ba tare da taro ba, Baffa ya ce a bar shagali sai ta yi ƙwari.

Wata yamma bayan suna na dawo daga wanka, jikina na tururi, na tarar da shi zaune ya jingina da bango, ita tana barci a ƙirjinsa. Goggo ta tafi maƙwabta. Na zauna nesa da shi, na ji ba zan iya ci gaba da haɗiye abin ba.

"Don mace ce?"

Ya ɗago da sauri.

"Me kika ce, 'yar Fillo?"

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Na ce don mace ce ka ba da kwalbarta?"

Ya rufe ido. Sannan ya ba ni labarin, a hankali don kada ta farka. Ya ce ranar an kawo wata mata daga wani ƙauye, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta haihu a asibitin ta cika nan take. Ɗan da ta bari bai kai tamu ba, ko numfashi sai an taimaka masa. Uban wani ɗan saurayi ne, ya zauna a ƙasa ya rasa ma kukan da zai yi. Likita ya kira Lukumanu ya gaya masa gaskiya, cewa tamu tana numfashi da kanta, tana haɗiya, ɗumi kawai take nema, kuma ana iya ba ta shi a jiki in an kiyaye. Amma bai ɓoye masa ba, ya ce kwalbar ta fi aminci, fitar da ita akwai haɗari, kuma ba zai taɓa ta ba sai da yardar uba.

"Ban ma san namiji ne ba sai daga baya, wallahi. Abin da na gani shi ne, tamu tana da ƙirji biyu, naki da nawa. Shi ba shi da ko ɗaya."

Na so in ce ƙarya yake, amma na san fuskarsa in yana ƙarya, tun zamanin ƙarfen inji.

"Ina ina lokacin?"

"Kina ɗakin da ke kusa."

"Barci nake?"

"A'a... idonki biyu."

"Ni na ɗauke ta wata bakwai. Ni na zubar da jinin da har aka ƙara mini na wani. Bango ɗaya ne tsakaninmu, likita bai tambaye ni ba, kai ma ba ka tambaye ni ba. Kuka yanke ku biyu a baranda, har Lado ya riga ni ji. Kuma ka san gidan da za a kawo ni, ka san ba za a bar ni in riƙe ta ba."

"Ban tuna da wannan ba sai da na ga Goggo ta karɓe ta a mota," ya ce. "Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shi likita haka tsarinsu yake, maigida ake tambaya. Amma ni ba ni da wannan uzurin. Tsoro na ji, Jamilatu. Na san in na shigo na ga idonki ba zan iya ba. Ba da kwalbar ban yi nadamarsa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Rashin tambayarki ne laifina, kuma babba ne. Ki yafe mini, masoyiyata."

Hawaye ya gangaro masa, ya kawar da kai gefe don kada ya ɗiga a kanta.

Na ce daga yau duk abin da ya shafi jikina ko abin da na haifa, ko likitan duniya ne ya tare shi, ya ce a jira a tambaye ni. Ya ce ya ɗauki alkawari, Allah ne shaida. Sannan ya dube ni kamar mai jin tsoron amsa.

"Da na tambaye ki ranar, me za ki ce?"

Na so in ba shi amsa mai kyau, irin ta mutanen kirki, amma ba ita ce gaskiya ba.

"Da na ƙi," na ce. "Da na yi maka ihu, na ce ba ruwana da ɗan kowa. Bayan nan kuma... ban sani ba. Wataƙila in na ga yaron in yarda, wataƙila in ƙi har ƙarshe. Amma da ni ce na faɗa."

Ya gyaɗa kai bai yi musu ba. Na matso kusa da shi, karo na farko tun asibiti, na sa hannu a bayan 'yar ta saman zanin, na ji ɗuminta da bugun zuciyarsa a tare.

"Yaron fa, Mai-inji? Ya yake?"

Na ɗago na dube shi, ya ce:

"Ya koma. Na je dubo shi na tarar ana shirin kai shi. Ni da ubansa da wani mai gadi muka yi masa sutura."

"Wane suna aka sa masa?"

"Bai kai suna ba."

Ban taɓa ganin yaron nan ba, kwanaki ina jin haushinsa a raina kamar shi ya ƙwace wa 'yata wuri. Sai ga shi na kifa kaina a kafaɗar mijina ina kuka har da shessheƙa, shi kuma ya zagayo da hannu ɗaya ya riƙe ni, ɗayan yana tallafe da ita. Bai ce in yi shiru ba. Ya bar ni na yi wa yaron kukan da uwarsa ba ta samu ta yi masa ba.